Kafin Ka Hau Doki a Jiƙaƙƙen Fili

Unguwar Kanawa,
Kaduna.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ka Jos lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ka a ƙasa, ya tsare ka a kan sirdi. Na ba Ummanka ta sa maka ita a jaka, don na san halinka. In na zaunar da kai a falo, kanka a sunkuye zai kasance, kana "to Baba, to Baba" har in gama, in tashi ban san abin da ya shiga ba. Takarda kuwa ba a yi mata kunya, kana iya karanta ta sau uku, har ka yi mata musu in ka ga dama.

Ka samu abin da ka daɗe kana nema, aikin mahayi a bargar Alhajin nan mai gona a bayan Jos. Ranar da ka nuna mini hoton filin sukuwarsa a waya, ciyawa kore shar kamar an shimfiɗa darduma, kai murna kake yi, ni kuwa ruwan da ya raya ciyawar nake tunani. Can ana ruwa fiye da nan, kuma na ji ba sa dakatar da tsere don damina. Kai duk sukuwar da ka yi tun tasowarka, a rani ka yi ta, kan busasshiyar ƙasa. Hawa kam ka iya, ba na ko shakka, zamanka a sirdi ya fi na duk sa'o'inka da na gani. Abu biyu ne ba ka iya ba: ba ka san jiƙaƙƙen fili ba, kuma ba ka iya ce wa babba a'a ba. Ranar da waɗannan biyun suka haɗu, suna iya karya ka, karyewar da ba ta ɗoruwa. Na sani ne don na taɓa haɗa su a kan wani.

Ka san shekara talatin da 'yan kai na yi a ma'aikatar ayyuka, aikina gwajin ƙasa kafin a shimfiɗa titi. Ba yabon kai ba, a ofishinmu in na damƙi ƙasa na murza, na ce wannan ba za ta ɗauki kwalta ba, ba mai ƙara magana. A lokacin da kake goye ina da dawaki biyu a barga kusa da filin sukuwa, ƙanena Ilu, Baffanka, shi ke hawa mini. Na ɗauka wanda ya san ƙasar titi ya san ƙasar doki. Wannan ɗaukar ita ce uwar duk kurakuran da zan lissafa maka.

Na farko a kan Kili ne, wani ingarma dogo mai faɗin taku da nake ji da shi. A rani in ya miƙe, sauran dawaki sai dai su sha ƙurarsa. Wata shekara aka sa tsere a tsakiyar marka, an kwana uku ana ruwa, fili ya yi laushi har diddige na nutsewa. Akwai wani tsoho Bazamfare, Ɗan'iya, da ke kula da dawakin mutane a bargar, ya tare ni da safe ya ce, "Yallaɓai, wanga hili ba na dokinka ba na. Ka bar shi shi huta." Na yi dariya na ce doki mai ƙarfi ai ko'ina mai ƙarfi ne. Na gayyato abokan ofis, har da shugabana, na zaunar da su a rumfa ina ba su labarin yadda za a yi. Kili ya fita da kyau. Kafin rabin zagaye sai na ga takunsa na gajarta, kowace ƙafa sai ya cizge ta daga laka kafin ya jefa ta gaba. Wata 'yar goɗiya, Bidi, wadda da rani ko kallo ba ta ishe mu ba, ta zo da ɗan gajeren takunta tana ɗaga gwiwa sama, ta wuce shi kamar yana tsaye. Na biyar ya zo cikin bakwai. Shugabana ya dafa kafaɗata ya ce, "Shehu, ko dai ba wannan ne dokin da kake ba mu labari ba?" Wata guda ana tsokanata a ofis.

Saboda haka kada sunan doki ya ruɗe ka. Duk dokin da aka ba ka, ka tambayi wanda ke share masa barga yadda yake yi in ƙasa ta jiƙe, don shi ya sani, mai dokin sau da yawa labarin rani kawai ya riƙe. Doki mai nauyi da dogon taku yana son ƙasa mai tauri wadda zai doka ta mayar masa. Laka ba ta mayar da komai, haɗiye ƙarfi take yi. Mai sauƙin jiki, mai faɗin kofato, mai ɗaga gwiwa, shi ne ɗan damina. Akwai kuma dokin da jikinsa zai iya amma zuciyarsa ba ta so, da zarar taɓo ya fantsar masa a fuska sai ya ɗaga kai ya daina. Irin wannan ko ka karya bulala a kansa ba ka ƙara komai ba sai zunubi. Ka fita da kowane ɗaya da safe bayan an yi ruwa, ka ji shi a cinyarka, kafin ranar da mutane za su taru.

Ka san abin da na yi bayan wannan kunyar? Na je na sayi Bidi. Sai na ce to, yanzu na gama da damina. Shekara ta zagayo, aka sake tsere a jiƙaƙƙen fili, tserenmu ne na biyar a jerin ranar. Na zaro biro na zana wa Ilu fili a bayan ambulan, na nuna masa da lissafi cewa wanda ya bi ta ciki, jikin shinge, ya rage wa kansa tafiya mai yawa. Na ce ya fita a gaba tun farko, ya manne wa shinge, kada ya saki. Lissafina daidai ne, ko yau ka auna haka za ka samu. Abin da biro bai gaya mini ba shi ne tsere huɗu sun riga sun bi ta jikin shingen nan, sun dame shi ya koma kamar kwaɓin gini. Bidi ta yi ta iyo a ciki, ga shi an sa ta gudu tun farko. Wanda ya ci kuwa ta can waje ya zagayo, inda ciyawa ba a taka ba, ya lallaɓo dokinsa har suka miƙe sannan ya sake shi. Da Ilu ya sauko, idonsa kawai ake gani don taɓo, ya ce, "Yaya, hanyar ta yi gajarta kam, sai dai ba ta ƙarewa."

Ka riƙe wannan: a jiƙaƙƙen fili tseren da ka sani ya ƙara tsawo, ko da ba a matsar da tuta ba. Ƙarfin da doki zai kai ƙarshe da shi a rani, a laka yana ƙarewa tun da sauran tafiya. Ka bar masu zafin kai su tafi, za ka same su a gaba suna haki. Ka lura da tseren da aka yi kafin naka, ka ga inda aka tattake, ka nemi sabuwar ciyawa ko da za ka zagaya. Ka sa tabarau biyu ko uku a jere, in ɗaya ya rufe da taɓo ka ja shi ƙasa. Linzami in ya jiƙe zamewa yake a hannu, ka nemi mai kaushi. Ka duba majayi, ɗaurin sirdin nan, da kanka bayan ka ɗan zagaya, don jiƙaƙƙen sirdi yana sassautawa. Bayan tsere kuma, kafin ka je karɓar gaisuwa, ka shafa ƙafafun dokin daga gwiwa zuwa ƙasa. In ka ji zafi a jijiya ka faɗa a ranar. Laka tana jan jijiya a ɓoye, doki ya koma barga lafiya lau, washegari a tarar ƙafa ta kumbura.

Waɗannan biyun kunya kawai suka jawo mini, kunya kuwa ana warkewa. Na ukun shi ne dalilin wasiƙar nan, kuma ban taɓa faɗa wa kowa shi yadda ya faru ba, har Ummanka.

Kai ka tashi ka ga Baffanka Ilu da sanda, yana jan ƙafar hagu, yana zaune a shagonsa na Kinkinau yana auna wa mata shinkafa da manja. An gaya maka doki ne ya faɗi da shi, kuma shi da bakinsa yakan ce shi ya matse dokin a kwana. Dokin ya faɗi kam, amma ba haka aka yi ba.

Tseren rufe shekarar sukuwa ne, farkon damina. An yi ruwa sau biyu ko uku a makonnin baya, ɗanyar ciyawa ta tsiro ta rufe fili, amma ƙasa tana nan da taurinta na rani. Ranar, bayan azahar, aka yi yayyafi na ɗan lokaci ya ɗauke, rana ta fito. Na taso daga wurin aiki a makare, da takalmin ofis a ƙafata, na tsaya a bakin fili na buga diddige a ƙasa. Tauri kamar daɓe. Raina ya yi fari, na ce yau ranar Kili ce, ruwan bai shiga ƙasa ba. A aikina, ƙasa mai tauri ita ce ƙasa mai kyau, ba a taɓa koya mini wani abu ban da wannan ba.

Ilu kuwa ya riga ya zagaya filin da ƙafa. Ya zo ya same ni, ƙafar wandonsa a jiƙe, ya ja ni gefe don kada mutane su ji.

Ya ce, "Yaya, kwanar ƙarshen nan akwai santsi. Sau biyu ina zamewa, ni da nake tafiya a hankali."

Na ce, "Ƙasa ƙalau take, yanzu na gwada."

Ya ce, "Ƙasan lafiya, saman ne. Ciyawar ta jiƙe, kofato ba zai samu abin kamawa ba. Ga takalman Kili sun sha hanya, sun yi sumul. Da dai an bar shi yau."

Maganar takalman nan ta ƙona mini rai, don ni na ɗaga zuwan maƙeri, na ce a bari sai an rufe shekara. Ga mutane sun cika rumfa, ga sunan dokina an riga an kira. Na dube shi na ce, "Ilu, ni za ka koya wa ƙasa? Da ita nake ci da ku. In tsoro kake ji ka faɗa, in nemi wani ya hau."

Shekara tara na ba shi. Ni na riƙe shi bayan rasuwar mahaifinmu, ni na yi masa aure. A gidanmu ƙane ba ya mayar wa yayansa magana, haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ni na fi kowa tsare wannan. Ya dubi ƙasa, ya ce, "Shi ke nan, Yaya." Ya je ya hau.

Suna gaba da tsawon doki biyu suka shiga kwanar. Ina tsaye ina ihu, har na fara juyawa in ga ko mutane na kallona. Ƙafafun Kili na baya suka tafi gefe gaba ɗaya, kamar an ja tabarma a ƙarƙashinsa. Ya faɗi a kan Ilu, na bayansu ya zo ya bi ta kansu. Kili bai tashi ba, a wurin aka yanka shi. Ilu ya karye a ƙugu da cinya. Wata biyar yana kwance, daga asibiti zuwa maɗori, daga maɗori a koma asibiti. Yana da shekara ashirin da shida, matarsa na da cikin fari, kuma duk Kaduna ba a yi mahayi kamarsa ba a lokacin.

Da 'yan dubiya suka fara tambaya yadda aka yi, ina zaune a gefen gado, na ji ya ce, "Ni na matse shi a kwana, ganganci ne nawa." Ya rufa mini asiri, ni kuma na karɓa na yi shiru. Na sayar da Bidi, na daina zuwa fili, mutane suka ce Shehu tausayin ƙanensa ne ya raba shi da dawaki. Kunya ce ta raba ni da su. Da ka taso ka liƙe wa Baffanka, yana zaune a kan benci a bakin fili yana koya maka zama da riƙon linzami, na yi ta faɗa ina hanawa, kuka ɗauka ƙin dawaki nake. Tsoro nake ji, Habibu, har yau ma ina ji.

To ga abin da na saya da ƙafar ƙanena, na ba ka kyauta. Filin da ya sha ruwa ya yi laushi yana gajiyar da doki, yana cinye tsere, amma sau da yawa kofato na nutsewa ya kama. Wanda ke kisa shi ne wanda ba ya kama da haɗari: ɗan yayyafi ko raɓa mai yawa a kan gajeriyar ciyawa, ƙasa kuma da tauri a ƙarƙashi. Daga rumfa kyakkyawa ne, mai doki zai gan shi ya yi murna. Don haka duk ranar tsere ka zagaya fili da ƙafarka, gaba ɗayansa, ba bakin shinge kawai ba. Ka tsaya a kowace kwana ka murza tafin ƙafa, ka ɗan ruga ka ja birki. Ka nemi inda ruwa ke kwanciya da inda inuwar itace ke hana bushewa. In an sake yayyafi bayan ka zagaya, zagayen farko ya tashi, ka koma. Ka ɗaga ƙafar dokin ka ga takalminsa da idonka. Ba a fafe gora ranar tafiya, maganar maƙeri tun ana saura kwanaki ake yin ta.

Sauran kuma gyara ne ga tarbiyyar da na yi maka. Ni na koya maka cewa bin na gaba bin Allah ne, na koya maka cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ban janye ba, ka bi manya, ka gaishe su, ka rusuna. Amma babban da ke zaune a rumfa bai hango abin da tafin ƙafarka ya ji a kwana ba. A wannan wuri ɗaya kai ne babba. Alhajinka zai zo da baƙi, an buga sunan dokinsa, ya yi alkawari a gaban abokai. Zai ce maka fili lafiya lau. Wataƙila ya ce tsoro kake ji, wataƙila ya ce akwai masu jiran aikinka, kuma gaskiya ne akwai su. Ba mugu ba ne, ni ma ba mugu ba ne ranar nan. Ka cire hula, ka sassauta murya, ka ce, "Ranka ya daɗe, na taka filin, ba zan hau ba yau, kuma ina ba da shawara kada a hau." Ka gayyace shi ya zo kwanar ya taka da kansa. In ya ƙi, ka tsaya a kan maganarka, kada ka ƙara kada ka rage. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada kuma ka ɗauka ina so ka zama mai gudun ruwa. Mahayin da ya san jiƙaƙƙen fili ya fi kowa cin tsere a damina, don sauran duk addu'a kawai suke yi a kan sirdi. Kana da hannu mai taushi, kana da haƙuri, doki na yarda da kai. In ka ba shekara ɗaya kana takawa kana lura, na tabbata za a riƙa nemanka musamman ranar da aka yi ruwa. Ranaku tara cikin goma za ka taka ka ce a hau. Ta goman nake maka magana.

Shekaranjiya na je Kinkinau. Na samu Baffanka ya idar da la'asar a ƙofar shago, ya miƙe ƙafar nan a kan buhu. Na zauna, muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye har ya ce, "Yaya, lafiya dai?" Na ce zan rubuta maka wasiƙa, kuma zan faɗa maka gaskiyar abin da ya faru da Kili. Na ce masa shekara ashirin da huɗu ina bin sa da neman gafara a zuciya, bakina ya kasa. Na roƙe shi ya yafe mini.

Ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, "Yaya, ni tun a gadon asibiti na yafe maka. Kai ba ka sani ba ne, abin da ka sani ka faɗa. Ni ne na sani. Na ji santsin nan a ƙafata, na san abin da zai faru, na hau don kada a ce na yi maka musu. Wannan ne har yau nake juyawa." Ya share ido da hannun riga, ya ce, "Na koya wa yaron nan komai, ban da wannan, don in na koya masa sai na faɗi sunanka. Ka rubuta masa. Ka ce in ji ni."

To na rubuta, in ji shi, in ji ni. Ban san yadda za ka dube ni ba bayan ka karanta, kuma na yarda da duk yadda ka dube ni. Abin da nake so ka sani shi ne, ranar da ka ƙi hawa aka ce ka tattara kayanka, kada ka tsaya neman wanda zai ba da haƙuri, kada ka ɓuya a Jos don kunyar dawowa. Ka shigo mota ka taho. Ni da kaina zan zo tasha in ɗauke ka, in zagaya da kai Unguwar Kanawa gida gida, in ce ga ɗana, an kore shi daga aiki, kuma ban taɓa alfahari da shi kamar yau ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na dabba da na son zuciya, naka da na waninka. Allah ya ba ka nasara mai albarka, ya ba ka bakin faɗin gaskiya a gaban wanda kake jin nauyi. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai kana tafiya da ƙafafunka biyu.

Wassalam.

Mahaifinka,
Shehu